Kundin zauren faifai: daga garmahon Baba zuwa buhun kaset

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Yau na fito da kayan sautin marigayi Baba daga sito. Shekara 11 suna can lulluɓe da tsohon zani. Injin juya faifai ne ƙirar Pioneer PL-12D, da amfilifaya Sansui, da sifika biyu masu akwatin katako, waɗanda sai da na kira yaran maƙwabta muka kinkimo su. Akwai kwali biyu na faifan garmaho, na ƙirga 64. Akwai kuma wani buhun kaset da ko bakinsa ban kwance ba, na tura shi bayan ƙofa, don a ganina ba shi na zo nema ba.

Injiniya ne ya tayar da maganar. Mu biyar muke zama shan shayi: ni, shi, Likita, Malamin sakandare, sai Auta da muka girme shi da kusan shekara 20. Kullum hirarmu kayan sauti, amma kowa a ɗakinsa yake ji shi kaɗai, sai dai ya zo yana ba da labari. Muka yi shawara a gyara zaurena, duk Asabar bayan isha'i mutum biyu su kawo abin da suke ji a makon, a saurara daga farko har ƙarshe. Sharaɗi biyu ne: ba a taɓa waya, ba a magana sai an zo juya faifai.

Halin da na tarar da kayan: bel ɗin roba ya narke ya manne kamar kwalta, allura ta karye, soson da ke zagaye da bakin sifika yana zuba da an taɓa shi. A kan hannun allurar kuma na ga kwabo manne da salatif. Haka mutanen da suke yi in allura tana tsalle, su ɗora mata nauyi. Allah ya jiƙan Baba, amma wannan kwabon ya ci faifai da yawa.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na karɓo Sansui daga wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a Sabon Gari. Shagon nasa bai fi taku uku ba, ƙaurin dalma ya kama ko'ina, tsofaffin rediyo jibge har rufi. Da ya buɗe ta sai ya yi shiru yana kallon cikinta, can ya ce, “Alhaji, ina ka samo wannan? Rabona da ganin irinta tun ina yaron shago.” Ya canza kafasita 14 da suka bushe, ya wanke makunnin ƙara sauti da ke ƙarar yashi, ya liƙa wa sifika sabon soso.

Na dawo gida na haɗa, sai na ji murya siririya kamar kukan sauro, ga wani ƙugi a ƙarƙashi. Na kira shi raina a ɓace. Ya ce, “A wane rami ka soka?” Ashe a AUX na soka, maimakon PHONO. Abin da allura ke fitarwa ɗan mitsitsi ne, 'yan ɗigo cikin dubu na bolt ɗaya. Sannan tun wurin yanka faifai ake rage kauri a ƙara kaifi don layukan su samu wuri, bisa ƙa'idar RIAA da aka tsayar a 1954. Ramin PHONO ne ke ɗaga sautin ya mayar da kaurin inda yake. Ƙugin kuwa siririyar waya ta uku ce na bari tana lilo, wadda ake ɗaurewa a kusar bayan amfilifaya. Ina ɗaure ta zauren ya yi tsit.

Sabon kan allura ya iso daga Legas, Audio-Technica AT-VM95E. Nauyin giram 2 yake so. Da ɗan sikelin wani abokina mai sayar da gwal na auna.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Zama na farko. Da yake zaurena ne, aka ba ni fari, na ɗora faifan Shata mai tambarin EMI daga kwalin Baba.

Na ji Shata a rediyo, na ji shi a mota, na ji shi a waya, amma ban taɓa jin fatar kalangu ba sai yau. Ana jin lokacin da makaɗi ya matse tsarkiya a hammata sautin ya hau, ya saki ya sauko. Ana jin numfashin da Shata ke ja kafin ya jefa magana, da yadda 'yan amshi ke shigowa ba a tare cif ba, wani ya riga wani da ƙiftawar ido. Malam, wanda bakinsa ba ya hutawa, har faifan ya kai ƙarshe allura tana ƙas-ƙas a tsakiya bai ce uffan ba. Auta, da aka haifa bayan rasuwar Shata a 1999, cewa ya yi, “Yaya, wai dama haka muryarsa take da kauri?”

Na biyu Likita ne, da CD ɗin In the Heart of the Moon na Ali Farka Touré da Toumani Diabaté, a na'urar da Injiniya ya taho da ita. Ya ce tun da Toumani ya rasu a watan Yulin bana shi yake ji kusan kowane dare. A otal ɗin Mandé na Bamako, bakin kogin Kwara, aka ɗauki aikin, ya fito a 2005, Ali ya rasu a shekarar da ta biyo. Jita ɗaya, kora ɗaya, sai ɗan abin da ke raka su a baya. Kora na da tsirkiya 21, kuma a sifikan Baba kamar ka miƙa hannu ka ƙirga su. Sai dai zauren na amsa-kuwwa, bangon siminti ne tsirara. Mako mai zuwa zan shimfiɗa darduma in rataya labule mai kauri.

Asabar, 14 ga Disamba

Wannan zaman ya koya mana abin da ba mu zo nema ba.

Malam ya kawo Zombie na Fela, faifan da ya jawo masa harin sojoji a gidansa na Kalakuta a Fabrairun 1977. Ya ce shi ba don Fela yake jin sa ba, don gangar Tony Allen ce. Muna tsakiyar ji aka ɗauke wuta. Na tayar da janareto, muka mayar da allura farko. Ba a yi minti ɗaya ba Malam ya karya doka ya ce, “Tsaya. Wannan ba shi ba ne. Yana gudu.” Injiniya ya ciro takardar nan mai zane-zane da ake ɗorawa a kan faranti a haska da ƙwan lantarki don duba gudu, layukan suka tsaya cak, alamar komai daidai. Ya ce wa Malam kunnensa ne. Malam ya rantse ba kunnensa ba ne.

Auta ne ya raba gardamar. Ya ɗora wayarsa a kan farantin da wata manhajar auna juyi, ta nuna 34.7 maimakon 33 da sulusi. Nan Injiniya ya dafe kai, don shi ya fi kowa sanin dalili. Motar wannan injin da bugun wutar gida take tafiya, wato 50 a daƙiƙa irin namu na nan. Janaretona kuwa 52 yake bayarwa, ƙarin kashi 4 cikin 100 ke nan. Ita kuma takardar da ƙyaftawar ƙwai take aiki, ƙwan kuma wutar janareton yake sha, don haka tare suka yi ƙaryar. Nasa Technics SL-1200MK2 da ke gida ba ruwansa da wannan, agogon kwaz ne ke riƙe masa gudu. Ya faɗi haka har sau uku, ko da wani bai ji ba.

Likita ya ce kada mu ji kunya, manya ma sun faɗa. Kind of Blue na Miles Davis, da aka ɗauka a 1959 a Niyok, gefensa na farko ya shekara 30 da ɗoriya ana sayar da shi yana ɗan gudu, saboda ɗaya daga cikin injinan ɗaukar bai tafi daidai ba. Sai a 1992 aka gyara. Ya yi alkawarin kawo shi.

An yanke: daga yau kayan sauti a kan inbata da batir za su zauna, janareto ya riƙe fanka da fitila.

Asabar, 28 ga Disamba

Hunturu ya kankama. Ka goge faifai, kafin ka kai shi faranti ya sake kwasar ƙura, don bushewar iska na sa shi jan abu kamar mayen ƙarfe. Da na ɗaga wani faifan ma tare da shimfiɗar faranti ya taso. Dabarar da ta yi aiki: in yayyafa ruwa a tsakar zaure kafin zama, in ajiye kwanon ruwa a kusurwa, in share faifai da buroshinsa ana gab da ɗorawa.

Na wanke 40 a makon nan da tataccen ruwa, ɗan sifirit kaɗan da ɗigon sabulun ruwa. Guda 6 na ware, tsofaffin masu juyi 78 ne, masu nauyi da saurin fashewa. Su sifirit narkar da su yake yi, kuma allurarsu daban ce, ta fi kauri, injin nan ma 33 da 45 kawai yake juyawa. Na naɗe su na ajiye.

Uwargida ta leƙo ta ga faifai jere a kan abin shanya kwanuka, ta ce, “Baban yara, ko kwanon da ka ci tuwo ba ka taɓa wankewa haka ba.”

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Injiniya ya zo da wayar sifika da ya saya daga waje, kaurinta kamar igiyar ɗaure sa, kuɗinta kuma ya ƙi faɗa. Ya ce za mu ji bambanci kamar dare da rana. Malam ya ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Muka sa Auta a bayan labule yana sauya ta da wayar wuta ta jan ƙarfe da nake amfani da ita, sau goma, kowa na rubuta abin da yake zato. Injiniya ya ci biyar. Ni na ci huɗu. Ya ce hayaniyar masu babur a waje ce ta hana.

Abin da ya kawo bambanci na gaske kyauta ne: mun janye sifikan daga jikin bango kamar kamu biyu, muka ɗan karkato su suna kallon mazauninmu. Kaurin da ke cushewa ya warware.

Auta ya kawo Afrique Victime na Mdou Moctar, Ba'abzinen Nijar, na 2021, kuma daga waya ya kunna. Injiniya ya so ya hana, aka rinjaye shi. Jitar kamar za ta tsaga labule. Ni dai ya yi mini zafi da yawa a zama ɗaya, amma na nemi ya turo mini.

Asabar, 25 ga Janairu

Kawu ya zo daga Zariya ganin likitan ido, ya kwana biyu a wurina, sai ya zauna da mu. Don girmama shi Likita ya kawo Ummu Kulsum, wadda a farkon wata mai zuwa za ta cika shekara 50 da rasuwa. Kawu ya ba mu labarin yadda a da take waƙa a Alhamis ɗin farko ta kowane wata, rediyon Alƙahira na watsawa, waƙa ɗaya ta kusa awa guda. Ya saurara ido a rufe, yana kaɗa yatsa a kan gwiwa.

Da aka gama ya dube ni ya ce, “To, mun ji na Masar, na ji an ce kun ji na Mali da na Legas. Ina Ɗanƙwairo?”

Na ce, “Kawu, babu shi a kwalin. Cikin 64 ɗin, na Hausa tara ne kacal. Sauran na Indiya ne da na Turawa da na Kudu.”

Ya ce, “Kai yaro, ubanka ba a faifai yake jin Ɗanƙwairo ba. Ina buhunsa?”

Kunya ta kama ni. Na jawo buhun daga bayan ƙofa muka zazzage a kan darduma. Kaset 212. TDK, Maxell, Sony, da wasu marasa suna. A jikin kowanne rubutun Baba da biro: Ɗanƙwairo, Narambaɗa, Haruna Uji, Ɗan Maraya, Barmani Choge, wasu kuma sunan gari da shekara kawai. Kawu yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana kai wa kusa da idonsa mai lafiya. Har ƙarfe ɗaya na dare muna nan, kuma ba mu da abin kunna ko guda.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na samo dek na hannu, wato injin kunna kaset, dattijon Sabon Gari ya sa masa bel ya wanke kai. Muka fara da Ɗanƙwairo.

Gaskiya ba daɗi. Kayan kirki ba sa rufa wa kowa asiri. Abin da ƙaramar rikoda ke ɓoyewa duk ya fito fili: huci kamar ana zuba ruwa a kasko, kotso ya dushe, murya kamar daga cikin rijiya. Kaset ɗin kwafi ne na kwafi, wataƙila jika ko tattaɓa kunne, irin wanda masu shago ke juyewa da sauri daga wani kaset ɗin. Kowane juyi yana cinye kaifi ya ƙara huci. Mako goma da suka wuce muna ƙirga tsirkiyar kora, yau ga babban makaɗin fada da ya rasu a 1991 muna laluben kalmominsa.

Injiniya ne ya ceci daren, kuma na yafe masa maganar waya. Ya ciro ƙaramin sukundireba ya cire murfin ƙofar dek, ya ce a saurara. Akwai wata 'yar kusa a gefen kan da ke karanta zare, ita ke daidaita tsayuwarsa. In kan injin da ya ɗauka ya ɗan karkace, dole naka ya karkace daidai da shi, in ba haka ba kaifin ya ɓace. Yana murzawa a hankali, ko rubu'in juyi bai kai ba, sai muryar ta fito kamar an buɗe taga. Amshi ya rabu da kiɗa, muka fara jin sunayen da ake wasawa. Matsalar ita ce kowane kaset da tasa karkatar, sai an murza masa daban.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Likita ya kawo faifan Mamman Sani na Yamai, mai kiɗan ogan. A 1978 ya yi aikin, a kaset ya fito, kuma ba da yawa ba. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya buga shi a faifai, shi ya sa yau yake hannun Likita da kwalinsa da bayaninsa. Kiɗa ne mai sanyi, yana maimaita kansa kamar tafiyar raƙumi, mun ji daɗinsa ƙwarai. Amma ni raina a dagule na saurara. Sai da wani ya taso daga wata nahiya ya nemi zaren, ya tsabtace, ya rubuta wane ne ya yi da yaushe. Mu kuwa muna nan muna gardamar waya, buhun namu na bayan ƙofa zafi na cin sa. Ban ga laifin mai zuwa nema ba, namu na gani.

Na faɗa musu haka, aka sake tsari. Duk zama, ɗaya daga cikin biyun dole ya fito daga buhu. Ni kuma a tsakiyar mako ina juye su a kwamfuta: in wana zaren gaba da baya sau ɗaya don ya saki jiki, in daidaita kusar, in ɗauka da manhajar Audacity, in ajiye a FLAC, tsarin fayil da ba ya rage ingancin sauti, ba tare da na goge hucin ba. Wanda aka tace daban, na asali daban, don in an matsa tacewa muryar ke komawa kamar ta cikin gwangwani. In zan tura wa su Malam a WhatsApp, a matsayin fayil nake turawa, kada a matse shi. Kowane kaset na ba shi lamba, ina ɗaukar hoton rubutun Baba.

Masu dogon zango, C-120, su ne ciwon kai. Zarensu siriri ne, biyu sun riga sun naɗe a dek. Da biro na mayar da su, ɗaya na haɗa shi da ɗan salatif.

Asabar, 1 ga Maris

An ga wata, yau ɗaya ga Ramadan. Mun rufe zama sai bayan Salla. Na lulluɓe kayan. An juye 23.

Asabar, 5 ga Afrilu

Barka da Salla. Asara ta farko: na manta faifan Zombie na Malam jingine kusa da taga tun zaman ƙarshe, ranar Maris ta same shi, gefensa ya lanƙwashe kamar soyayyen ƙosai. Na sa shi tsakanin gilashi biyu na ɗora littattafai, an ce wani lokaci yana miƙewa in an yi haƙuri. Malam ya ce ba komai, amma yadda ya faɗi “ba komai” ɗin na san akwai komai. Zan nemo masa wani. Sauran duk na mayar da su ɗakin tsakiya, a tsaye, ba a kwance ba.

Mun ji Kind of Blue da Likita ya yi alkawari, gyararren. Daga buhu kuma Ɗan Maraya, lamba 17, wanda ya fi duk na baya tsabta. Kuntigi tsirkiya ɗaya gare shi, mutum ɗaya, murya ɗaya, babu abin da zai cushe. Auta ya ce a jikin sifika ɗaya ƙahon Miles da kuntigin suka fito, kuma bai ji wani ya fi wani cika zauren ba. Ba wanda ya yi masa gardama, har Injiniya.

Asabar, 19 ga Afrilu

An juye 41. Saura 171, kuma a yadda nake tafiya sai baɗi war haka.

Lamba 38 ce ta tsayar da ni. Ba sunan mawaƙi, Baba ya rubuta “Funtuwa 81” kawai. Ɗaukar wurin biki ce, da rikoda a hannu: mai kukuma yana waƙa, ana guɗa, wani na ta neman a matsa, akwai ma kukan akuya a wani wurin. Na kunna wa Kawu ta waya. Bai yi minti biyu yana ji ba ya fara kiran mutanen da ake wasawa ɗaya bayan ɗaya: wannan dillalin auduga ne, wannan direban babbar mota, wannan shi ya aurar da 'yarsa ranar, kuma shi Kawun yana wurin, shi ya riƙe wa Baba batir. Na ce ya dakata in ɗauko takarda. Ya ce, “Takardar me? Ka zo da abin ɗaukar maganarka ka zauna, ba abin waya ba ne.”

Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan tafi Zariya da kwamfuta da kaset goma na masu sunan gari da shekara. Kafin nan sai na koma Sabon Gari, tayar roba da ke matse zare ta fara santsi, tana sa muryar Haruna Uji rawa. Zama mai zuwa na Malam ne da Auta. Malam ya ce Barmani zai ciro daga buhu, kuma a gaya wa uwargida ta bar ƙofar cikin gida a buɗe.